Matambayi Ba Ya Ɓata: Daga Kwamfuta Zuwa Akwatin DAC, Ina Sautin Ke Maƙalewa?

Wasiƙun wannan wata kamar an haɗa baki, duk a kan sauti suka taru. Uku daga nan Yamai, ɗaya daga Tawa. Da ta Tawa zan fara, don ita ce mai nama.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin lissafi ne a wata makaranta a Tawa. Ƙanena da ke Faransa ya aiko mini da akwatin DAC, an rubuta 24 bit da 192 kHz a jikin kwalinsa, yana da ɗan gilashi mai nuna lamba. Na haɗa shi da kwamfutata mai Windows 10 ta wayar USB, daga shi kuma zuwa amfilifaya. Sauti yana fita, amma kowane kiɗa na sa, 48 kawai gilashin ke nunawa, ko da fayil ɗin na 96 ne. A bayansa akwai ramuka uku: USB, COAX da OPT. Wanne ya fi? Kuma tsakani da Allah ban ji bambancin da ake ta zuzutawa ba. Kunnena ne, ko na'urar?

AMSA: Wa'alaikumus salam Mushe. Na'urarka lafiya lau, kunnenka ma lafiya lau. Tunda lissafi ne abincinka, bari mu bi ta lissafin.

Kwamfuta ba sauti take ajiyewa ba, lambobi take ajiyewa. Lasifika kuwa ba ta san lamba ba, kuran kawai ta sani, wato wutar lantarki mai hawa da sauka. DAC shi ne tafintan da ke tsakaninsu. Kowace kwamfuta da kowace salula tana da nata ɗan tafinta a ciki, zaune cikin hayaniyar sauran kayan. Wanda ƙanenka ya aiko maka tafinta ne da aka ware wa ɗakinsa.

Lambar kHz tana faɗin sau nawa aka auna sautin a daƙiƙa ɗaya. Faifan CD, wanda Sony da Philips suka fito da shi a 1982, sau 44,100 yake aunawa. Ƙa'idar Nyquist ta ce rabin wannan adadi shi ne iyakar siririn sautin da za a iya kamawa, wato mai girgiza sau 22,050 a daƙiƙa. Kunnen yaro mai lafiya a wajen 20,000 yake tsayawa. Ni da na ba sittin baya, kuma na yi shekaru kusa da manyan lasifiku a wuraren biki, na gwada kaina a shago, ban wuce 12,000 ba. Fayil na 96 kHz yana ɗauke da sauti har 48,000. Wannan rabon jemage ne.

Lambar bit kuma ƙanƙantar ma'auni ce. Ka ɗauki sikelin mai albasa a Galmi da sikelin maƙerin azurfa. Duka awo suke, amma ɗaya yana ganin ƙwayar da ɗayan ba ya gani. Bit 16 matakai 65,536 ne, bit 24 kuma 16,777,216. Kowane bit yana ƙara kimanin desibel 6, ma'aunin ƙarfin sauti ke nan, tsakanin mafi ƙarfin sauti da mafi rauninsa, ka ga 96 ke nan da 144. Sai dai 144 ɗin a takarda yake, DAC mafi kyau ma a wajen 120 da ɗoriya yake tsayawa. Kuma a ɗakin da fanka ke juyawa, kabu-kabu na wucewa a bakin titi, ko 96 ɗin ba za ka cinye ba.

To me ya sa 48? Windows yana da mahaɗar sauti a cikinsa. Dole ya gauraya kiɗanka da ƙarar shigowar saƙo da bidiyon da ke buɗe a intanet, kuma ba a gauraya abubuwa masu awo daban-daban. Kamar mai awon hatsi ne da ke da tiya guda. Ko da wane kwano ka kawo gero, sai ya juye shi cikin tiyarsa. Taka tiyar an saita ta a 48. Na 44.1 a miƙe shi zuwa 48, na 96 a rage shi zuwa 48, kuma gilashin DAC yana faɗa maka gaskiyar abin da ya iso gare shi.

Ga yadda za ka kauce wa mai tiya. Danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta mmsys.cpl, ka danna Entrée. Na ɗauka kwamfutarka da Faransanci take, kamar yawancin namu. A shafin Lecture zaɓi DAC ɗinka, shiga Propriétés, je shafin da aka rubuta Statistiques avancées, wasu kuma Avancé kawai. Akwai ƙananan akwatuna biyu da ke maganar contrôle exclusif da mode exclusif, sa musu alama duka. Idan ka ga wurin Améliorations, kashe duk abin da ke ciki, kwalliya ce da ba ka roƙa ba. Wannan buɗe ƙofa ne kawai. Saura manhajar da za ta bi ta ƙofar, don ba kowace ce ta san ta ba. Ni foobar2000 nake amfani da ita, kyauta ce kuma ba ta da nauyi. A saitinta na fitar sauti, zaɓi sunan DAC ɗinka wanda ke da kalmar exclusive a gefensa. Wannan hanya sunanta WASAPI, ta shigo tun zamanin Windows Vista. Idan kamfanin da ya ƙera akwatin ya ba da ASIO, wanda Steinberg na Jamus ya ƙirƙiro, shi ma aikin guda ne.

Sa fayil na 44.1, duba gilashi. Sa na 96, sake dubawa. Idan lambar tana canzawa tare da fayil, har ka ji ɗan "ƙas" a wasu akwatunan lokacin canjin, ka isa. Kada ka firgita idan YouTube ya yi shiru a lokacin. Ka ba manhaja ɗaya makullin ɗaki, sauran suna waje har ta fito.

Wani abu da ke kama mutane: su duba jerin awon da ke shafin nan su ga ya tsaya a 96, babu 192. Sautin USB aji biyu ne. Aji na ɗaya ba ya wuce 24 bit da 96 kHz, amma kowace kwamfuta ta san shi ba tare da an sa mata komai ba. Aji na biyu shi ke kai wa 192 har sama. Mac da Linux sun daɗe da saninsa, Windows kuwa sai a 2017, da fitowar Windows 10 mai lamba 1703. Rubuta winver a wurin da ka rubuta mmsys.cpl, za ka ga lambar taka. Wanda ke kan Windows 7, kuma har gobe ina ganinta a tsofaffin kwamfutocin da ake kawo mini gyara, sai ya sauke direban akwatin daga shafin kamfaninsa. Masu Faransanci pilote suke ce masa, mu direba, ko ta ina dai matuƙi ne. Leƙa bayan akwatin ma, wasu suna da ɗan makunni na zaɓen aji 1 ko 2.

Batun ramuka uku, zauna a USB. Dalilin agogo ne. Lambobin nan dole su fita a kan lokaci daidai wa daida, kamar mata uku a turmi guda, in ɗaya ta saki taɓarya kafin lokacinta, daka ya rikice. A COAX da OPT, kwamfuta ce ke riƙe da kiɗan, tana turo lambobi tare da bugun agogonta, DAC yana bi. A USB na yawancin akwatunan yanzu, DAC ne ke da agogon, shi ke ce wa kwamfuta ƙaro ko dakata. Agogon yana zaune kusa da wurin aiki, shi ya fi. COAX da OPT yare guda suke yi, S/PDIF, haruffan farko na Sony da Philips ne. Ɗaya ta wayar tagulla mai ohm 75, ɗayan ta haske, wanda Toshiba ta fito da shi da sunan Toslink. Na haske sau da yawa a 96 yake tsayawa, ba kowanne ke kai 192 ba. Ka ajiye ramin OPT don talabijin. Kwamfutar hannu ta yanzu da wuya ma ka same ta da waɗannan ramuka.

Kuma kada wani ya ce maka USB ba ta iya ɗaukar kayan. Buga da kanka: 192,000 sau 24 sau 2, ya ba ka 9,216,000 bit a daƙiƙa. USB 2.0 an yi ta don miliyan 480. Tirela ce aka ɗora wa buhu guda.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda ta fi ba ni sha'awa, don mutane kaɗan ne ke da ƙarfin halin faɗin "ban ji ba" bayan an kashe kuɗi. A 2007 wasu Amurkawa biyu, Meyer da Moran, sun gwada masu sauraro sau 554 ba tare da sun san wanne ake sa musu ba, tsakanin babban awo da awon CD. Abin da aka ci daidai bai kai rabi cif ba, wato canki-canki. A 2016 Joshua Reiss na jami'ar Queen Mary da ke Landan ya tattara gwaje-gwaje 18 ya haɗa lissafinsu, ya samu an ci daidai kashi 52.3 cikin 100, waɗanda aka horar kuma sun fi haka. Ka ga akwai ɗan bambanci, amma siriri ne kamar zaren gizo-gizo. Ni a shagona ban taɓa cin wannan jarrabawa ba, kuma na daina jin kunyar faɗa.

Abin da kunne ke kamawa nan take shi ne asalin ɗaukar. A nan ake cutar mutane. Ana ɗauko MP3, a juye shi cikin FLAC, irin fayil ɗin da ba ya zubar da komai, na 24 da 96, a rubuta masa babban suna. An sa wa jaki sirdin doki. Abin da MP3 ya zubar ya zube har abada. Duba nauyin fayil tukuna: minti ɗaya na CD kusan mega 10 da rabi ne in ba a matse ba, na 24 da 96 mega 34 da rabi, FLAC kuma yana rage su zuwa rabi ko fiye da rabi kaɗan ba tare da zubar da komai ba. MP3 na 128 kuwa mega ɗaya ne a minti. Waƙar minti biyar mai mega 5 ba babban awo ba ce, ko wa ya rantse. In fayil ɗin yana da nauyi amma kana zargi, buɗe shi da manhajar Spek ko Audacity ka kalli hoton sautin. Wanda aka ɗauko daga MP3 na 128 za ka ga an yanke masa kai a wajen 16,000, a miƙe kamar da reza. Wanda aka kumbura daga CD kuma a 22,000, samansa baƙi ƙirin. Ka yi wannan binciken da waƙa ɗaya kafin ka ƙona forfe ɗinka wajen sauke kundi guda.

In da kuɗi za su shigo, Mushe, a lasifika zan sa su. Kafin nan, janye naka daga jikin bango kamar kamu biyu, ka ɗaga su daidai kunnenka, ka shimfiɗa darduma a tsakaninku. Wannan bambancin, har maigadin makarantarku zai ji shi.

TAMBAYA: Baba barka da aiki. Ina da ɗan situdiyo a Bukoki, muna ɗaukar waƙoƙin biki da talla. Da na haɗa akwatin sauti da kwamfuta, sai lasifika ta riƙa wani gurnani, in na motsa linzami kuma sai wani tsiii ya biyo baya. Wani lokaci kuma kiɗa yana yin ƙas-ƙas kamar ana taka busasshen ganye. Abokaina sun ce akwatin jabu ne.

AMSA: Ɗana, kafin ka mayar wa mai kaya kayansa, zare cajar kwamfutar daga bango ka bar ta a kan batir. Saurara.

Bara wani saurayi ya kawo mini irin wannan ƙara, har ya sayi akwati na biyu don ya yanke ƙauna da na farko. Muka jera kayan a kan teburina, ya kunna, gurnani ya cika shago har mai shayin da ke ƙofa ya leƙo. Ban taɓa akwatin ba. Na sunkuya ƙarƙashin tebur na zare caja. Tsit. Ya dube ni, ya dubi lasifika, ya ce in mayar. Na mayar, gurnani ya dawo. Sau huɗu ya sa ni ina sunkuyawa, da wannan bayan nawa, kafin ya yarda. Cajar ba ta asali ba ce, irin marar nauyin nan da in ka ɗaga ta kamar fanko.

Wayar USB ba lambobi kaɗai take ɗauka ba. Akwai volt 5 a cikinta, akwai kuma layin ƙasa da ke haɗa jikin kwamfuta da jikin akwatin. Dattin kuran da caja ke fitarwa, da na cikin kwamfutar kanta, ta nan suke bi har lasifika. Tsiii na linzami daga nan yake. Gurnani mai kauri kuwa bugun kuran ɗinmu ne, sau 50 a daƙiƙa, kuma yakan shigo idan kwamfuta tana soket ɗaya, lasifika tana wani, layin ƙasa ya zagaya ya zama zobe.

Fara da abin da ba ya cin kuɗi: kwamfuta, akwati da lasifiku duk su sha daga reshen soket guda. Nemi caja ta ƙwarai. Idan akwatinka da lasifikunka suna da ramin XLR, zagayayyen nan mai haƙori uku, ko babban jak mai zobe biyu, yi amfani da su, irin wannan waya an yi ta ne don ta kashe ƙarar da ta shigo a hanya. In duk bai yi ba, akwai ɗan abin da ake sawa a tsakiyar wayar USB ya raba kuran ɓangarorin biyu. Ka lura, masu arahar a miliyan 12 bit suke tsayawa, ba za su wuce 24 da 96 ba, wasu akwatunan situdiyo ma ba sa tashi da su sam. Mai DAC na sauraro kawai yana da wata mafita, wayar haske, tunda haske ba ya ɗaukar kuran.

Abu ɗaya na hana ka: kada ka yanke layin ƙasa na filogi ko ka naɗe shi da salatif, ko da wani ya ce maka gurnanin zai tafi. Zai iya tafiya. Amma ranar da wata na'ura ta yi yoyon kuran, mawaƙin da leɓensa ke jikin makirfo shi zai zama layin ƙasa. Gidaje da yawa a garin nan ramin ƙasa na soket ado ne kawai, babu wayar da ta je ko'ina. Kira mai aikin kuran ya kafa maka sandar tagulla.

Ƙas-ƙas ciwo ne daban. Kwamfuta ce ke makara wajen kai lambobi, kuma sautin USB ba a sake aiko abin da ya wuce lokacinsa. Ƙara girman ma'ajin jira a saitin ASIO, daga 128 zuwa 512 ko 1024 lokacin haɗa kiɗa, ka rage shi lokacin ɗauka kawai. Cire kwamfutar daga tsarin tattalin batir. Soka akwatin kai tsaye a jikinta, ban da reshen USB mai baki huɗu. Sannan ka tuna inda muke: a watan Afrilu da Mayu, kwamfutar da fankarta ta sha ƙurar hunturu tana rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Buɗe ta a hure.

TAMBAYA: Malam, wani mai shago ya nuna mini wayar USB mai bakin zinariya, jika 40, ya ce tana sa sauti ya yi zaƙi. In saya?

AMSA: A'a, ƙanena. Waya in ta gaza, katsewa za ka ji ko ƙas-ƙas, ko kwamfuta ta ƙi ganin akwatin. Ba ta da hanyar ƙara wa goge zaƙi. Sayi mai kauri irin ta firinta, mita ɗaya ko biyu, kada ta wuce mita 5, nan ne iyakar USB 2.0. In akwatinka mai ƙaramin baki ne irin na salula, kula da wayoyin caji zalla, waɗanda babu layin lambobi a cikinsu: fitila za ta kama, kwamfuta ba za ta ga komai ba. Sauran kuɗin ka kai gida.

TAMBAYA: Malam, ina yi maka fatan alheri. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya bar kaset fiye da ɗari, na tafsiri da na makaɗan gargajiya, har da wanda ya ɗauki muryar mahaifiyarsa tana ba yara tatsuniya. Ɗana ya ce in sayi DAC mu juye su a kwamfuta. Shi ne abin da ya dace? Daga wata uwa a Yantala.

AMSA: Amin, Hajiya, Allah ya kai haske kabarinsa. Yaron ya kusa, amma ya kama hanyar a juye. DAC daga kwamfuta yake fitar da sauti. Ke kuwa shigarwa za ki yi, don haka akwatin da ke da ramin shiga kike buƙata, irin na masu situdiyo, mai baki biyu, hagu da dama. Rediyon kaset ɗin kuma ya zama mai ramin fita a baya, kada a kara makirfo a bakin lasifika.

A nan ne manyan lambobin da na rage wa daraja a sama suke da amfani na gaske. Wajen ɗauka, bit 24 yana ba da sarari: a sa ƙarfin sautin ƙasa-ƙasa yadda ko mai kalangu ya doka da ƙarfi ba zai fashe ba, kuma ba a yi asarar komai ba. Ƙungiyar masu adana sauti ta duniya, IASA, ta ce kada a yi ƙasa da 48 kHz da bit 24, gidajen adana da yawa kuma 96 suke yi. Ga kaset, 48 da 24 ya wadatar. Kaset mai minti 60 zai ci kusan giga ɗaya. A ɗauka da Audacity, a ajiye asalin a WAV ko FLAC a wuri biyu daban, kada a taɓa shi. Wanda za a tura wa dangi ta WhatsApp a yi masa kwafin MP3 daban.

Aikin ba ya gaggawa, kaset na awa ɗaya awa ɗaya yake ci. Kuma abin da ya fi ba ni tsoro shi ne rediyon, don robar da ke jan zaren in ta tsufa takan yi danƙo ta cinye kaset. A goge kan da ke karanta zaren da auduga da alkol na kemis, a bar shi ya bushe. Kaset ɗin da ya shekara ashirin a akwati cikin zafin nan, a fara juya shi da biro a hankali a ga ko zaren yana tafiya, a kuma duba ɗan soson da ke ƙarƙashin zaren bai faɗi ba.

Na tatsuniyar nan kada ya zama na farko, kada ma ya zama na goma. Ki ba yaron kaset biyu waɗanda ake samun irinsu a kasuwa, ya kawo mini tare da rediyon ranar Asabar kafin azahar, mu ga yadda injin ke jan zare.